Sunan Maigida a Shafin Tela

Lazaret, Yamai
Zuwa ga ɗana Faisal, a Dakar

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, karatun ordinatar, kwamfutar nan taku, kuma yana tafiya. Mu nan lafiya lau, sai zafin Yamai da ɗaukewar kuran, wutar lantarkin nan tamu da ka sani. Maigidan yana hanyar Kwatano da mota, ciwon bayan nan yana taɓa shi, amma ya ƙi zama. Na yi magana da uwarka a Maradi, ta ce ka rame. Ni da ita 'ya'yan wa da ƙani ne, amma ɗaki ɗaya muka tashi, don haka in na ce ka ci abinci, umarni ne.

Kada ka yi dariya don na rubuta a takarda na ɗauki hoto na turo. Saƙon murya ba ya yi mini, shago kullum cike yake da masu kawo ɗinki, kowace da kunnenta.

Ga abin da ya sa na neme ka. Ina son a buɗe wa shagona sit, irin shafin nan da mutum zai shiga ya ga ɗinki. Zinariya mai turaren wuta ta Bobiel tana da shi. A gabana ta ɗauki hoton kwalba, ta dangwala da babban yatsa, sai ga shi ya hau. Har daga Agadas ake yi mata komandi, a ce ta aika da turare. Zinariyar da ko lakkwal, makarantar boko, ba ta gama ba! Irin nata nake so, mai sauƙi, wanda zan sa in cire da hannuna ba sai na tashi kowa ba. Ka zaɓar mini, kai ne ka san su.

Na haɗo da hotunan shadda da leshi da na yi wa bikin 'yar Hamsatu, da hoton cikin shagon. Maigidan ne zaune gaban keke, ya zo shan shayi aka ɗauka. Ni ba na son fuskata a duniya.

Innarka,
Balkissa

*

Dakar
Zuwa ga Inna Balkissa

Wa alaikumus salam. Inna, ina kwana, ina gajiya? Ina lafiya, kuma ban rame ba, Mama ce ke ganin haka tun ina yaye. A gaida Baba Issoufou, Allah ya ba shi sauƙin bayan.

Inna, na san irin na Zinariya. Abin wasan yara ne. Kamar ɗakin haya yake: an sa miki gado da labule, ki shiga kawai, amma ranar da mai gida ya ga dama sai ya ƙara haya ko ya rufe ƙofa, ba ki fita da komai. Ni wanda zan yi miki filinki ne, gininki ne. Da shi manyan kamfanoni ke aiki. Yau hotuna, gobe in kin so a sayi kaya a biya ta ciki, duk zai ɗauka. Ba zan bari a ce ina karanta wannan aiki a Dakar, Innata kuma tana dangwale irin na mai turare ba. Abokaina ma sai su yi mini dariya.

Zancen wuya kuma, kada ki damu. Mako ɗaya kin iya.

Na riga na gama, ki danna adireshin da ke ƙasa. Na sa hoton Baba Issoufou a gaba tunda kin ce ba kya son fuskarki. Na rubuta "Atelier Issoufou", a ƙasa na sa cewa shi ya kafa shagon kuma shi ne mai shi, don baƙo ya fi sakin jiki in ya ga akwai babba a wurin, kuma girmamawa ce gare shi. Lambar salularki ce dai a jiki. Kyauta ce, kada ki soma yi mini zancen biya.

Ɗanki,
Faisal

*

Lazaret, Yamai

Ɗana Faisal, gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya. Maigidan ya dawo, bayan ya yi sauƙi.

Na ga aiki. Madalla, Allah ya yi albarka, ya ba ka masu yi maka. Shaddar nan ta fito kamar ba hannuna ya yi ta ba.

Maigidan kuwa, ba a magana! Tun da ya ga hotonsa bai ajiye salula ba. Ya nuna wa direbobin tasha, ya nuna wa mai shayi, ya tafi har gidan wansa Alhaji Boubacar ya nuna. Abokansa yanzu "Patron" suke kiransa, wai ubangidan shago, shi kuma yana gyara hula. Mutumin da in ka ba shi allura da zare sai la'asar ta yi bai zura ba. Na daɗe ban ga ya yi dariya irin wannan ba.

Sai dai ka turo mini kodin shiga, ka kuma nuna mini inda ake taɓa rubutu. Akwai 'yar kalma da nake son in gyara da kaina. Ba gaggawa, amma kada ka manta.

Innarka,
Balkissa

*

Lazaret, Yamai

Faisal, ina fatan lafiya ce ta ɓoye ka. Mu lafiya, sai mura da ta zaga gidan.

Kodin ya iso, da bayanin da ka turo mai tsawon huɗubar Juma'a. Na shiga. Kai, ɗan nan! Wannan ne mako ɗayan? Gefen hagu jerin kalmomi ne har ƙasa, rabi Faransanci rabi Ingilishi, kowace ka taɓa sai ta haifi wasu. Sama kuma wani jan abu yana cewa in sabunta. Na ce to, sabo ai ya fi tsoho, na danna. Shi ke nan, shafin ya koma fari fat kamar likkafani. Kwana da kwanaki ke nan, wata kliyan mai kawo mini ɗinki daga Tondibia ta kira tana tambaya ko mun rufe ne.

Na kira ka ba ka ɗauka, na turo saƙo shiru. Jiya Zinariya ta biyo, ta sauya hoton shafinta tana tsaye a bakin ƙofata tana cin gyaɗa. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye maka ba. Mai sauƙi na roƙa.

Innarka

*

Dakar

Inna, ki yi haƙuri, egzame ne ya riƙe ni, jarrabawar makaranta, ga estaj na koyon aiki da na fara a wani kamfani. Lafiyata ƙalau. Allah ya sawwaƙe murar.

Na gyara, shafin ya dawo. Ba laifinki ba ne sosai, amma jan abin nan ba a taɓa shi sai an ajiye kwafi tukuna. Don kada a sake, na rage miki iko. Yanzu za ki iya ƙara hotunan ɗinki kawai, sauran wuraren na kulle, suna hannuna. Haka ake yi wa kowane mai koyo, kada ki ji wani iri.

Kalmar da kika ce za ki gyara, na duba rubutun tun daga sama har ƙasa ban ga kuskure ba, har wani ɗan ajinmu ya duba mini Faransancin. In akwai, ki rubuto mini ita, minti ɗaya ne.

Na ji daɗi da Baba ya ji daɗi. Ki ce masa Patron ina gaisuwa.

Faisal

*

Lazaret, Yamai

Faisal,

Na ga saƙon ta'aziyyarka tun makon rasuwar maigidan, na gode, Allah ya ba da lada. Ban iya amsawa ba a lokacin. Jikina da sauƙi, ina cin abinci kaɗan kaɗan. Uwarka ta zo ta yi mini kwanaki ta koma. Ciwon da muka yi ta cewa baya ne, ashe ƙoda ce. Allah ya jiƙansa, bai taɓa ɗaga mini murya ba.

Rabon da in rubuto maka an fi shekara, na sani. Yau dole ce ta sa.

Ina cikin takaba, ba na fita, Sadiya da ke yi mini aiki ita ke buɗe shago. Shekaranjiya dangin maigidan suka zo da malami don a lissafa abin da ya bari. Ina bayan labule ina ji. Aka ambaci mota, aka ambaci filin Bobiel. Sai Alhaji Boubacar ya ce, "Da shagon ɗinki, da kekuna huɗu da ke ciki."

Na ce, "Alhaji, shagon nawa ne. Da gadon uwata na sayi keken farko, sauran da adashi."

Ya ce, "Takardar hayar shagon sunan wa ke jiki?"

Na ce sunan ƙaninsa, don mai shagon ya ce shi ba ya ƙulla haya da mace, kowa a Lazaret ya san haka. Malam ya ce wannan kaɗai ba hujja ba ce, an saba. Har na fara numfashi. Sai Alhaji ya zaro salula ya buɗe shafinka, ya karanta wa mutane da ƙarfi, yana fassarawa: wanda ya kafa shagon kuma mai shi. Ya ce, "Ba mu muka rubuta ba. Ɗanta ne ya rubuta, danginta. Kusan shekara biyu yana nan duniya na gani, ita ke sa hotuna a ciki, ba ta taɓa cewa ƙarya ne ba. Marigayi da kansa ya kawo mini har gida ya nuna mini."

Ka san Allah bai ba mu haihuwa ba. In shagon ya shiga gado, rubu'i ne nawa, sauran nasu.

Malam mutumin kirki ne, ya ɗaga zaman zuwa bayan Juma'a biyu, ya ce a kawo shaida. Abin da nake so gare ka ɗaya ne. Ga lambarsa a ƙasa. Ka kira shi da bakinka, ka gaya masa kai ka ƙaga wannan magana don girmamawa, ba wanda ya ce ka rubuta. Kira kawai, Faisal.

Innarka,
Balkissa

*

Dakar

Inna, innalillahi! Allah ya jiƙan Baba, ya ba ki haƙuri. Ina lafiya, amma wannan labari ya hana ni sukuni.

Ki kwantar da hankalinki, na riga na magance. Ina gama karantawa na shiga na cire hoton Baba, na goge maganar gaba ɗaya. Yanzu "Atelier Balkissa" ne, kuma na rubuta ke kika kafa shi da gadon mahaifiyarki. Duk wanda ya buɗe abin da zai gani ke nan. Alhaji Boubacar ya buɗe ya karanta wa mutane mu gani! Kin ga amfanin irin wannan tsarin, komai yana hannunmu.

Malam kuma zan kira shi ƙarshen mako, yanzu aiki ya yi mini yawa, kuma ina son in tsara abin da zan faɗa.

Amma Inna, don Allah, me ya sa ba ki gaya mini tun farko ba? Ashe kalmar da kike nufi ke nan? Da kin ce "cire sunan", da tuni an wuce wurin.

Ɗanki,
Faisal

*

Lazaret, Yamai

Faisal,

Lafiya lau nake, tunda ana tambaya.

Wa ya aike ka? Na ce ka kira, ka je ka goge. Kai a ganinka Alhaji Boubacar yaro ne? Mutumin da ya yi shekara talatin yana fitar da kaya a kan iyaka? Tun ranar zaman farko ya ɗauki hoton shafin ya ajiye. Da aka dawo zama, ya ɗora tsohon da sabon gaban malam, ya ce, "Ga na lokacin da ƙanina ke da rai, ga na bayan an binne shi. Ko arba'in ba a yi nisa da ita ba sun cire fuskarsa." Ƙanwarsu Khadija ta fashe da kuka, ta ce ashe jira nake ya mutu. Ni, Faisal. Ni da na yi wata uku ina kwana a ƙasan gadon asibiti.

Kiran naka ya zo bayan haka. Malam ya saurare ka, na ji ya yi maka godiya. Da ya ajiye sai ya ce shi bai ce kana ƙarya ba, amma wanda ya sauya rubutu ana tsakiyar magana, shaidarsa ta yi rauni, ga shi kuma ɗan'uwan mai ƙara. Hamsatu da matan adashi sun zo sun faɗi abin da suka sani. Alhaji ya ce adashi dai an yi, amma wa ya san kuɗin wa ake zubawa, mace da mijinta?

Kana tambaya me ya sa ban faɗa ba. Haba, Faisal. A Maradi aka haife ka ko a Dakar? In buɗe baki in ce wa ɗana ya cire sunan mijina, mijin yana raye, yana yawo da hoton a aljihu yana murna? Sunan da ko a ɗaki ban taɓa kira ba? In maganar ta koma kunnen uwarka, ta ce me? In ta koma kunnensa fa? Shi ya sa na roƙi wanda zan taɓa da hannuna. Da na bar masa hotonsa da Patron ɗinsa, in ƙara layi ɗaya a ƙasa cewa ɗinki da kekuna na matarsa ne. Da ba wanda ya ji, ba wanda ya ji kunya, shi kansa dariya zai yi. Sau biyu na nema, ka kulle ka riƙe makulli, ka ce haka ake yi wa mai koyo.

An raba. Keke ɗaya ya faɗo mini, na zaɓi na uwata, tsohon mai feda. Shagon da sauran kekuna da sunan da shafin duk sun tafi wurinsu. Ɗan Alhaji zai riƙe, Sadiya za ta ci gaba da yi musu aiki, ban hana ta ba, tana da 'ya'ya.

Ina jin haushinka. Na faɗa maka don kada ka ji a bakin wani.

Balkissa

*

Dakar

Inna,

Ina gaisuwa, in za ki karɓa. Ban da lafiyar kirki, kwana biyu ban je aiki ba. Mama ta kira ta wanke ni tas, ta ce kada in sake in taka Maradi sai kin yafe.

Na turo saƙo sau uku ba ki buɗe ba. Na yi abin da na ga shi ne daidai, Inna, ban san zai juya haka ba. Da na san Alhaji ya ɗauki hoto, da ban taɓa ba.

Amma har yanzu akwai abin da zan iya. Shafin yana hannuna, ba su da kodi, ba su san ko ta ina ake shiga ba. Yau ɗin nan zan iya rufe shi ƙurmus, ko in sa duk wanda ya buɗe ya faɗo kan lambarki. Hotunan ciki ɗinkinki ne, kliyan naki ne. Su je su ci kekunan. Sannan in gina miki sabo, wannan karon mai sauƙin da kika ce, na ma gwada guda uku na ware wanda ya fi. Kalma ɗaya nake jira.

Ɗanki,
Faisal

*

Tondibia

Faisal,

Na karɓi gaisuwarka. Ina lafiya. Na fita takaba, na bar gidan Lazaret, ina Tondibia wurin Hadizatu 'yar kawunmu. Ta ba ni ɗaki mai taga wajen kogi, nan na kafa keken. Ƙafata ta manta feda, da yamma sai gwiwa ta riƙa ciwo, amma tana tunawa a hankali. Ka koma aikinka, kwanciya ba ta gyara komai. Uwarka kuma zan yi mata magana, ba a hana ɗa gida.

Sabon shafi kada ka wahalar da kanka. Ba na so.

Tsohon kuma kada ka kuskura ka rufe, kada ka karkatar da kowa. An yi zama, malam ya yanke, na ce na ji a gaban mutane. Ko zalunci ne, na bar su da Allah, ba zan bi ta taga in ɗauko abin da aka fitar ta ƙofa ba, su samu na faɗa a kaina karo na biyu. Sau ɗaya ka taimake ni ba da izinina ba, ya isa.

Ga abin da za ka yi. Ka mayar da hoton maigidan da sunansa yadda suke, a ƙalla shi abin ya faranta masa. Ka cire lambata. Har yau ana kirana ana tambayar shaddar da ke hoto, in ce su je Lazaret, wani lokaci har kwatance nake yi musu.

Jiya Alhaji Boubacar ya aiko ɗansa, da gaisuwa da goro, wai sun shiga uku da shafin, suna son sa sababbin hotuna sun rasa ta inda za su bi, ko zan taimaka. Na ce ni ma ban taɓa iyawa ba, amma na san mai shi. Na ba shi lambarka.

Zai kira ka. Ka miƙa musu kodin duka, ka koya musu, in sun danna jan abin ya yi fari ka gyara. Kai ka zaɓi ginin, ka ce ba ya rushewa, to ga masu gida sun zo. Kuma ka riƙa ɗauka da wuri, don Alhaji ba irina ba ne. Shi in yana son abu, faɗa yake yi.

Balkissa, tela